Turke Mai Jan Kai

Na tashi a wata unguwa da ke gefen Parakou, idan ka wuce Guéma ka kama hanyar Tourou, daidai inda gari ke fara gajiya da kansa. A lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahome, Turawa ba su daɗe da naɗe tutarsu ba. Unguwar masu dabbobi ce da mahauta. Mahaifina dillali ne a kara, wato kasuwar shanu, ƙanensa kuma, wanda muke kira Baffa, kiwon ragunan Layya yake yi. Ba mu da titi, ba mu da fitila, ba mu da magudanar ruwa. Ƙuda dai muna da su har na bai wa maƙwabta.

Ruwa kuwa, da damina rijiyoyin gidaje sukan yi abin da za su iya. Rani na shigowa sai su koma ramuka, domin kana haƙa kaɗan dutse zai ce maka nan ne iyaka. Daga nan mata su ɗauki daro su gangara wani rafi can bayan gonakin doya, su dawo wuya ya shige cikin kafaɗa. Ni ban taɓa ɗaukar wannan abin damuwa ba, saboda ba ni ke ɗebowa ba.

Na yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, na iya Faransanci daidai gwargwadon da zai lalata ni. A bakin tashar jirgin ƙasa akwai wani mutum da ke shimfiɗa ƙananan littattafan soyayya a kan tabarma, wasu jirgi ya hauro da su daga kudu, wasu direbobi suka tsallako da su daga Najeriya. Na Faransancin nakan karanta su, na Ingilishin kuma in kalli hoton bango in ƙarasa labarin da kaina. A cikinsu na koyi cewa namiji yakan ga mace sau ɗaya ya daina cin abinci, kuma dole wani abu ya shiga tsakaninsu: ko attajiri mai mota, ko mugun kawu, ko teku. Na yi ta zuba ido in ga wanne Allah zai ba ni. Abin da ban lura da shi ba, duk littattafan nan babu wanda aka sha ruwa a cikinsa, balle a faɗi inda aka ɗebo.

Wata shekara Baba ya aike ni Djougou wurin mai masaukinsa, wani Alhaji jikan fataken goro. Gidansu tsoho ne, a tsakiyarsa akwai rijiya da kakanninsu suka haƙa tun zamanin da ayari ke yada zango a garin, domin goro ba ya zama sai da yayyafi. A gefen rijiyar na tarar da 'yar Alhaji ta buɗe huhu tana tsince goron da ƙwaro ya taɓa, tana yayyafa wa sauran ruwa da yatsunta. Na tsaya. Na lalubo jimla mafi kyau da na haddace, wadda ta shafi idanu da taurari, na mayar da ita Hausa, na faɗa mata.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, ka taka ganyen goro."

Na ɗaga ƙafata. A ranar na yi niyyar daina cin abinci kamar yadda aka tanada, amma gidan sun iya sakwara, ban wuce la'asar ba.

Daga nan saƙonnin Baba zuwa Djougou suka yawaita, har da waɗanda bai san ya aika ba. Ita ba ta ƙi ni ba. Takan kira ni Mai Littafi, takan bar ni in ba ta labarin wanda na karanta, in na gama ta tambaye ni sana'ar saurayin da ke ciki. Mafi yawansu ba su da ita. Da manya suka shiga magana, Alhaji ya ce shi ba shi da ta cewa: tun rasuwar uwar yarinyar yayarsa ce ta riƙe ta, sai abin da ta yanke.

Wannan yayar tasa kowa Gwaggo yake ce mata. Ba ta juya wuya. Idan za ta dube ka, sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, kamar ana buɗe ƙofar gari. A ƙuruciyarta ta yi aure a wani ƙauye da ba rijiya, ta yi shekaru tana dakon ruwa, auren ya ƙare, wuyan bai dawo ba. Ta ce za ta zo Parakou ta ga inda za a kai 'yarta. Ta zo a tsakiyar rani.

Ni kuwa na shirya. Na riga na gina ɗaki a gefen gidanmu, ƙofarsa tana kallon fili. Damina biyu ya ci, domin tubali sai da ruwa, ruwan kuwa sai an jira sama. Na yi masa rufin kwano, na shafe cikinsa da shuɗi, na sa kyauren katako da babban madubi. Na zaci Gwaggo za ta tsaya a gaban madubin. Ta leƙa dai, sannan ta ce a ba ta ruwan alwala. Aka kawo mata a buta. Ta zuba kaɗan a tafin hannu ta duba launinsa, ta ce a nuna mata inda aka samo shi. Ta bi matan gidanmu har rafi ta dawo. Sannan ta zauna a tabarma ta juyo da jikinta wajena.

"Ɗan nan, ban ƙi ka ba. Ubanka mutumin kirki ne, kai ma an ce ba ka da wani aibi sai karatu. Amma yarinyar da ta buɗe ido ta ga rijiya a tsakar gidansu, ba zan kawo ta nan ta yi irin wuyana ba. Ranar da ruwa ya iso unguwarku, ka zo mu yi magana. Idan ya yi nawa kuma, a Djougou ma akwai masu tambaya."

Mai tambayar wani mai sayar da atamfa ne. Da na ji haka sai da na ɗan ji daɗi, ga shi ni ma na sami abokin hamayya kamar kowa. Amma da na bincika, ba shi da mota, ba shi da mugunta. Rijiya gare shi.

Na koma Djougou na shaida wa yarinyar cewa saboda ita zan iya ƙetare teku. Ta ce, "Ba a shan ruwan teku, Mai Littafi. Ka je meri ka tambaya."

Meri ita ce ofishin magajin gari. A shekarun nan gwamnatoci ba sa daɗewa. Sai ka tashi da safe ka ji rediyo ya bar magana ya koma kiɗan soja, ka san an sake. Tsakanin kiɗa da kiɗa akan yi zaɓe, wani ya zo a mota ya hau teburin mahauta, bayan an goge masa shi, ya ce ruwa na nan tafe. Ruwan ya zo tsakiyar gari, ya zo gidajen ma'aikata, ya taɓa wani ɓangare na Guéma, ya tsaya. Aka ce laifinmu mun zaɓi wanda ya faɗi. Da zaɓe ya sake zagayowa muka gyara, muka zaɓi wanda ya ci a wancan karo, shi kuma ya faɗi a wannan.

Ma'aikacin da na tarar a meri mutum ne mai haƙuri. Ya yi mini bayani cewa tiyon ruwa ba ya tafiya shi kaɗai, titi yake bi. Titi kuma ba ya shiga unguwa sai an yi mata loti, wato an auna ta an kafa alamu. Ya ce a wurinsu inda muke zaune daji ne. Na ce ai a can na kwana jiya. Ya ce bai musa ba, mutane suna kwana a daji.

"Da a ce kuna da ginshiƙan simintin nan da masu awo ke kafawa," in ji shi, "da abin ya zo da sauƙi."

Na ce, "Muna da su."

"Suna nan?"

"Lafiyarsu ƙalau."

Ban yi ƙarya ba. Tun ina ɗan saurayi wasu masu awo 'yan kudu suka zo da gajerun wanduna da wani madubi mai ƙafa uku, suka yi kwanaki suna leƙen juna. Suka kakkafa ginshiƙan siminti masu tsayin gwiwa, kowanne da lanƙwasasshen ƙarfe a ka, wasu kuma an shafa wa kansu jan fenti. Suka sa tafinta ya gaya wa mai unguwa cewa kayan gwamnati ne, a kula da su. Ba su faɗi amfaninsu ba, mu ma ba mu tambaya ba, kada tambaya ta jawo wani abin. Bayan tafiyarsu rediyo ya yi kiɗa, ba su sake dawowa ba.

To, duk wanda ya yi kiwo a ƙasar Borgu ya san abin da gara ke yi wa turken itace. Ka kafa yau, wata na zagayowa ka ga ragonka yana yawo da guntun turke a wuya. Nan kuwa ga siminti, ga ƙarfen ɗaura igiya an riga an lanƙwasa. Baffa ne ya fara ɗaure rago a jikin ɗaya. Sai dai masu awon ba su san dabba ba, duk a cikin rana suka kafa su. Baffa ya tone nasa ya mayar gindin mangwaro. Aka kai ƙara wurin mai unguwa, ya yi nazari, ya yanke hukunci: an ce a kula da su, barin kayan gwamnati a rana kuwa ba kula ba ce, saboda haka ana iya matsar da su, amma kada a sayar, kada kuma ko ɗaya ya fita daga unguwa. Kafin Layyar shekarar duk sun koma inuwa. Sarkin fawa yana wasa wuƙa a kan nasa. Liman yana ɗora ƙafa a kan wani idan zai wanke ta. Muka sa musu suna turken gwamnati, kuma har zuwa lokacin su ne abu mafi amfani da gwamnati ta taɓa yi mana.

Ina cikin zaryar meri, mai atamfa yana cikin zaryar gaida Gwaggo, sai rediyo ya sake kiɗa. Aka ce wannan juyin juya hali ne, daga baya ma ƙasar ta sake suna. Kowa ya zama kamarad. Mai unguwarmu ya zama delege, da hularsa da tabarmarsa da komai. Sai sanarwa ta zo cewa yanzu talakawa ne a gaba: wani babba zai kawo ziyara, kuma kafin ya zo, duk unguwar da aka taɓa aunawa, alamunta suna tsaye a wurarensu, za a fasa mata titi a kai mata famfo. Wadda ba ta da su ta jira awo. Mun san ma'anar jira.

Delege ya tara maza a gindin mangwaro bayan la'asar. Ba a kira mata ba, tunda maganar ruwa ce. Aka yarda a mayar da turaku inda suke. Matsalar ba mantuwa ba ce. Kowa ya tuna sarai, kuma duk wanda ya tuna, ta cikin dangar maƙwabcinsa layin ya bi. Aka yi ta tunawa har aka kusa dambe. Daga ƙarshe Baba, wanda sana'arsa ce shiga tsakanin mutum biyu da ba su yarda da juna ba, ya ce hanya ai ita ce inda shanu ke bi. Aka jera turakun a gefen burtali, suna karkacewa yadda yake karkacewa, ba su taɓa katangar kowa ba.

Saura ɗaya. Igiya da wuƙa da ruwan sama sun cinye fentin sauran, amma akwai guda da ya yi zamansa a rumfar Baffa, kansa ja wur kamar ranar da aka shafa. Aka tsaya a kan ma'anar jan. Sarkin fawa ya ce wannan ba abin wahala ba ne: a kara, idan an zaɓi saniya daga cikin garke, ita ake shafa wa ja. Saboda haka inda jan turke ya tsaya, nan ne zaɓaɓɓen wuri, nan famfo zai tsaya. Kowa ya gyaɗa kai, domin kowa ya taɓa gani da idonsa. Duk taron nan na masu shanu da mahauta, babu wanda ya bi tunanin har zuwa inda ake kai saniyar bayan an shafa mata.

Sai rigima ta koma kan inda za a kafa shi. Mahauta suka ce mayanka. Liman ya ce masallaci. Maƙwabtanmu Bargawa da ke ta tudu suka ce sun riga kowa zama a wurin, Dendawa suka ce su ne a tsakiya. Duk wanda aka bai wa, sauran sun faɗi, unguwarmu kuwa ta gaji da faɗuwa. Can sai Baffa ya nuna ni da haɓa.

"Ku ba yaron nan, aurensa ne a rataye. Kuma ni na gaji da ajiyar zuciyarsa, ko ragunan ba sa sakin jiki su ci."

Aka yi dariya, aka kuma ga cewa idan an ba ni ba wanda ya ci, don ni ba kowa ba ne. Delege ya ce gudummawar unguwa ce. Washegari aka kafa jan turke daf da ƙofar ɗakina, Liman ya yi addu'a. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Na hango yarinyar a raina tana buɗe kyaure da safe da ɗan ƙaramin kwano, ta miƙa hannu kawai ta tara. A hasashena har da tsuntsaye.

Katafila ta zo wata safiya, da direbanta da wani matashin injiniya mai rigar kaki. Na sa fararen kaya, delege ya ce in tsaya kusa da shi saboda Faransanci. Taswirar masu awon farko ba ta zo ba; wasu suka ce ta bi mai ita, wasu suka ce gara. Injiniyan bai ko kalli turakun da muka sha wahalar jerawa a burtali ba. Ya tsaya a bakin babbar hanya ta wajen Guéma, inda wani jan turke yake tun asali, wanda ya tsira saboda ba a cikin unguwarmu yake ba. Ya rufe ido ɗaya ya hango namu. Ya sa aka ja igiya daga wancan zuwa wannan, miƙe sambal. Sannan ya tako ya tsaya a gaban ƙofata.

"Ɗakin wane ne wannan a tsakiyar titi?"

Na ce, "Kamarad, ba titi ba ne, wurin famfo ne. Ga jan nan."

"Ja tsakiyar titi ne. Tiyo ta ƙarƙashinsa zai bi ya wuce gaba." Ya dubi turken, ya dubi ɗakin, ya dubi ƙasar gindin turken wadda ba ta gama kwanciya ba. "Ko dai an taɓa alamar nan? Idan an taɓa ku faɗa mini, in juya da kayana a sake awo."

Na fassara wa delege. Delege ya dubi sama. Sarkin fawa ya dubi farcensa. Mata sun fito sun tsaya a bakin danga da darukansu, don sun ji an ce yau ne. Kowa ni yake kallo ta gefen ido. Abin ba shi da wuyar ganewa ko ga mai karatun soyayya. In na ce an matsar da turke, ɗakina ya tsira, katafila ta juya, Gwaggo ta bai wa mai atamfa. In na yi shiru, ruwa ya zo, ba ni da inda zan sa amarya. Baba ya matso kamar zai gyara mini wuyan riga, ya ce a hankali, da irin muryar da yake yi a kara idan ciniki ya zo ƙarshe, "Ɗaki ƙasa ne."

A littattafaina, idan irin wannan lokaci ya zo, saurayi yakan yi jawabi mai cika shafi. Na buɗe baki na ce, "Ba a taɓa ba, kamarad. Ni ne na yi gini cikin jahilci."

Jawabin sai injiniyan ne ya yi shi. Ya yi magana mai tsawo a kan son kai da yadda mutum ɗaya yake tare wa jama'a hanyar ci gaba, ni kuma na fassara, ban rage komai ba. Delege ya ce lallai yaran zamani sai a hankali. Aka ba ni izinin kwashe kayana kafin inji ya yi zafi. Waɗanda suka ba ni gudummawar turke su ne suka taya ni cire kwano da kyaure da gado. Liman da kansa ya ɗauki madubi, yana tafe yana kau da kai daga fuskarsa. Katafila ta shiga. Abin da ya ci damina biyu bai kai tsawon alwala ba. Shuɗin da na shafa a ciki, ranar unguwa ta fara ganinsa.

Titin ya bi ta kan ɗakina, ya ɗauki kusurwar rumfar Baffa, ya shiga gonar doyar wani, ya tsaya a can saboda ziyara ta matso. Aka binne tiyo. Famfon aka kafa shi a gefen titin, daidai inda kan gadona yake a da. Babban ya zo, 'yan lakwal suka yi waƙa, aka murɗa, ruwa ya zubo. Bayan ya tafi aka sake murɗawa, ruwa ya sake zubowa, abin da ya ba kowa mamaki har da injiniyan.

Na hau kamiyo, wato motar kaya, zuwa Djougou na gaya wa Gwaggo ruwa ya iso. Ban ƙara komai ba, tunda abin da ta nema ke nan. Ta biyo ni. Ba ta shiga gidanmu ba, famfo ta nufa. Ta murɗa, ta tara hannu, ta duba launi, ta kurɓa. Ta bar shi yana zuba ta ga ko zai gaji. Ta kira wasu mata gefe ta tambaye su ko kullum yake zuwa ko sai da baƙi, suka ce yakan ɗauke da rana tsaka amma yana dawowa. Ta yi alwala a nitse. Sannan ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

"Ina ɗakin?"

"Kina tsaye a cikinsa, Gwaggo."

Ta dubi ƙasa. Ta dubi gindin mangwaro, inda kyauren yake jingine da kwanon rufi da madubi an lulluɓe shi da buhu. Na so in yi bayani, amma matan sun riga ni. Suka ba ta labarin tun daga ragon Baffa, kowace tana gyara wa 'yar'uwarta, suna dariya har da riƙe ciki, su da ba a kira su taro ba. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Da suka gama ta ce, "Mahauta suka ga an shafa wa abu ja, suka kawo shi ƙofar ɗansu."

Na ce da kyakkyawar niyya suka yi.

"Kai kuma aka tambaye ka, ka ce ba a taɓa ba."

"Haka na ce."

Har na fara shirya yadda zan rame. Sai ta ce, "Ni ruwa na ce. Ɗaki kowa yana ginawa. Ga ƙasa, ga ruwa, ka kwaɓa. Ka gama kafin azumi, in ba haka ba kada ka zo mini da labari."

Na raka ta har Djougou ina ɗauke da ƙunshinta. Na sami yarinyar a bakin rijiya, inda na fara ganinta. Duk tsawon hanya na tsara yadda zan ba ta labarin abin da na sadaukar, da katafila da ƙura da halin da zuciyata ta shiga. Na fara ke nan ta katse ni.

"Madubin ya fashe?"

"Bai fashe ba. Liman ne ya ɗauka."

"To." Ta ci gaba da yayyafa wa goronta ruwa. "Sabon ɗakin ka ja shi baya kaɗan, Mai Littafi. Mata a bakin famfo tun asuba suke surutu, ni kuma ba na son hayaniya. 'Yar tafiya ba za ta kashe ni ba."

Na ja shi baya. Tubalin da a da sai na jira damina, wannan karon cikin rani na buga shi, duk da delege ya ja mini kunne cewa ruwan juyin juya hali na sha ne, ba na kwaɓa ƙasa ba. Ya faɗa da ƙarfi don a ji, sannan ya aiko mini da bokitinsa. Na gama kafin azumi.

Ranar ɗaurin aure Baffa ya ba da rago. Na je dubawa, na tarar da shi ɗaure a gindin mangwaro, a jikin jan turken nan. Katafila ce ta tumɓuke shi ta yar a gefen titi, cikin rana, Baffa kuma ya ga bai dace a bar kayan gwamnati haka ba.